Kafin a sayi tsohuwar kwamfuta, a fara ceto faifan

Jama'a, barkanmu da sake saduwa. Wasiƙu uku na ɗauko a wannan makon, duk a kan tsofaffin manhajoji. Ta farko ce za ta fi cin wuri, domin abin da ke cikinta in ya salwanta ba a sayo shi a kasuwa.

Tambaya, daga wata mai karatu a Zariya: Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana da shagon tsara littattafai. Muna kwashe kayansa muka tarar da kwali ɗauke da ƙananan faifan filofi kusan ɗari. Wasu an rubuta musu PageMaker, wato manhajar tsara littattafai, wasu sunayen littattafan Hausa da ya tsara. Na ga makarancin filofi mai USB da araha, na kuma ji ana ambaton Greaseweazle. Wanne zan saya?

Allah ya gafarta masa, Hajiya, ya sa ya huta. Ki fara da mai USB ɗin. In kin samu na hannu ƙirar Sony ko TEAC, ya fi sabon da ba shi da suna. Amma kafin ki sa ko da faifai ɗaya a ciki, akwai abin da za ki yi.

Juya bayan faifan. A kusurwa akwai ɗan maɓallin roba da ake turawa. Tura shi har ramin ya buɗe, ki ga haske ta ciki. Wannan ne makullin da ke hana kwamfuta yin rubutu a kai, domin Windows takan yi ɗan rubutunta a faifai ba tare da ta tambayi kowa ba. Daga nan ki ja murfin ƙarfen gefe, ki riƙa juya cibiyar da ɗan yatsa a ƙarƙashin fitila. Fatar da ke ciki ya kamata ta zama baƙa-baƙa mai sheƙi. In kin ga fararen ɗigogi ko dusu-dusu, funfuna ce ta kama shi, wataƙila ya sha damina a sito. Ware shi gefe. Na taɓa yin gaggawa na tura irin wannan faifai a makaranci, na ji yana ƙara kamar ana goga takarda a siminti. Da na zaro shi, kan karatun ya zana masa zobe a jiki, ya kuma kwashi dattin ya shafa wa faifai biyu lafiyayyu da suka biyo baya. Har yau abin yana ci mini rai. Tun daga ranar nake goge kan karatun da auduga da sinadarin isopropyl bayan kowane faifan da ban yarda da shi ba.

Kada ki tsaya buɗe fayiloli ɗaya bayan ɗaya don ganin abin da ke ciki. Tsohon faifai wani lokaci karatu ɗaya ya rage masa. Ki ɗauki kwafin sak na faifan gaba ɗaya da manhaja irin WinImage, ko ddrescue in akwai mai Linux kusa da ke. Kowane kwafi megabayit 1.44 ne, wato ɗarin nan duka ba su kai megabayit 150 ba. Ki ɗauki hoton takardar da ke manne a kowane faifai da waya, ki ba hoton da kwafin lamba ɗaya. Rubutun hannun Baba a takardar nan shi ne zai gaya miki ko wane ne faifai na 1 da na 2 cikin jerin PageMaker.

To ina Greaseweazle ya shigo? Wata 'yar na'ura ce da Keir Fraser ya ƙirƙira, ya kuma saki tsarinta kyauta. Ba ta karatu da kanta, sai an haɗa ta da makarancin filofi na cikin tsohuwar kwamfutar tebur, mai faffaɗar waya mai haƙora 34. Bambancinta shi ne tana ɗauko zanen maganaɗisun da ke jikin faifan yadda yake, ko kwamfuta ta gane ko ba ta gane ba. Mai USB tsarin PC kawai ya sani. In Baba da Macintosh ya yi aiki, wanda abu ne mai yiwuwa tunda a kanta PageMaker ya fara fitowa a 1985, faifansa masu kilobayit 800 ba za su karantu a mai USB ba, sai ya ce miki a yi musu fomat, wato a goge duk abin da ke cikinsu. Kada ki yarda, ko da wasa. Irin waɗannan, da manyan faifai masu inci 5.25, da duk wanda ya ƙi karantuwa, su ne za ki tara wa Greaseweazle. Wata na'urar mai suna KryoFlux ma aikinta ke nan, sai dai ta fi tsada. In waɗanda suka gagara ba su wuce biyar ba, ki nemi wanda ke da na'urar maimakon ki yi oda.

Saura abin da ya sa na sa wasiƙarki a gaba. Ranar da kika buɗe littattafan nan, mai yiwuwa ki ga an rubuta }asa a wurin ƙasa, ]aya a wurin ɗaya, ~era a wurin ɓera. Fayil ɗin bai lalace ba. A wancan zamani kwamfuta ba ta da haruffanmu masu lanƙwasa a sauƙaƙe, sai aka yi dabarar ƙera samfurin haruffa na musamman, irin Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, aka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan baka. Ba tare da samfurin ba, bakan ne zai fito tsirara. Don haka ki duba cikin faifan, duk fayil mai ƙarewa da TTF, wato na samfurin haruffa, ki riƙe shi hannu bibbiyu, ki ajiye shi tare da littattafan. Masu adana manhaja a Turai da Amurka sun riga sun tara PageMaker kowane iri, har na ƙarshe, na 7, wanda ya fito a 2001. Littafin Hausa da aka buga kwafi kaɗan a Zariya ya ƙare a kasuwa kuwa, mai yiwuwa ba shi da wani gida a duniya sai kwalin nan. In kin ceto su, ki nemi marubutan ko magadansu ki ba su, haƙƙinsu ne.

Kada tsufan faifan ya karya miki gwiwa. A 2012 mahaifin Jordan Mechner, wani mai ƙirƙirar wasannin kwamfuta, ya tsinci kwalin faifai a ɗakin ajiya, ashe asalin rubutun wasan Prince of Persia na 1989 ne a ciki. Masana suka karanta su bayan fiye da shekara 20, aka sa rubutun a shafin intanet na GitHub kowa ya gani.

Tambaya, daga wani mai karatu a Kano: Na ga wata kwamfuta Pentium ta gwanjo da talabijin ɗinta mai ƙeya. Ina marmarin Dangerous Dave da Mavis Beacon da muka koyi kwamfuta da su. In saya?

Malam, in manhajojin kake so, riƙe kuɗinka. DOSBox, wanda aka fara saki a 2002, kyauta ne, kuma yana kwaikwayon DOS, tsohon tsarin da ya riga Windows, a kan kwamfutar da kake da ita yanzu. In abin na Windows 95 ko 98 ne, 86Box yana kwaikwayon injin kansa, har katin sauti. Kana buƙatar irin waɗannan makwaikwaya ne saboda Windows mai bit 64 ba ta ɗaukar tsofaffin manhajoji masu bit 16. Ma'ajiyar Internet Archive ta sa wasannin DOS sama da 2,000 a farkon 2015 waɗanda ake bugawa kai tsaye a intanet, shafin GOG kuma yana sayar da tsofaffin wasanni da izinin masu su. Tsufan manhaja bai cire mata haƙƙin mallaka ba, ko kamfanin ya rufe. Wanda mai shi ya saki da kansa daban ne, kamar yadda Microsoft ya saki asalin rubutun MS-DOS 4.0 a 2024.

In kuwa injin ne kansa ya shiga ranka, ƙarar fankarsa da taurin maɓallansa, ba zan hana ka ba, ni ma ina da wannan son. Sai dai ka sa a buɗe maka cikinta kafin ka biya. Dubi ƙananan gwangwanayen da ke tsaye a kan allon: wanda kansa ya kumbura ko ya yi tsatsa ya kusa mutuwa. In ta girmi Pentium, irin 386 ko 486, nemi batirin da aka liƙa wa allon mai kama da ƙaramar ganga. Yakan yi yoyo ya cinye layukan tagulla, za ka ga kore-kore a gefensa. Sannan ka juya bayanta ka duba jan maɓallin wuta. Wadda ta fito daga Amurka tana iya zama a kan 115, wutarmu kuwa 230 ce, jonawa ɗaya hayaƙi ya tashi. Ka kuma tambaya ko makarancin filofinta yana aiki, domin shi kaɗai ma ya isa dalilin ciniki.

Tambaya, daga wani mai karatu a Maraɗi: Ina da faifan CD da na kwafa tun wajen 2003, da wasannin Java na tsofaffin wayoyin Nokia. Filashi zan saya in zuba su, ko babban faifai na waje?

Babban faifai na waje, ɗan'uwa, kuma biyu in aljihu ya yarda. Filashi na ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can. In ya daɗe a aljihun tebur ba a jona shi ba yana iya zubar da abin da ke cikinsa, ga jabu da suka cika kasuwa, a rubuta gigabayit 64 alhali bai kai rabi ba. Duk wanda ka saya, gwada shi da manhajar H2testw kafin ka amince masa.

Faifan CD da aka kwafa a gida rini ne a cikinsa, zafi da hasken rana suna kashe shi. Ɗaga shi ga fitila: in haske yana ratsowa ta ƙananan huji, ko gefensa ya sauya launi, shi za ka fara kwafewa. Manhajar ImgBurn za ta yi maka. Faifan manhaja zalla ka ɗauke shi a matsayin fayil ɗin ISO, na wasa mai kiɗa a ciki kuwa sai BIN da CUE, in ba haka ba kiɗan zai ɓace. Fayilolin JAR na Nokia ƙanana ne, kuma J2ME Loader yana buɗe yawancinsu a wayar Android.

Kwafi ɗaya ya zauna wurinka, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa, na uku a intanet. Asalin faifan kuma kada ka zubar. Jera su a tsaye cikin akwatin roba mai murfi saboda ƙurar hunturu, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, ba ƙarƙashin kwano ba. Kowace shekara in damina ta wuce, jona faifan wajen ka buɗe fayiloli kaɗan ka tabbatar suna nan.