Amsar Tambayarka Kan Makullin Tufka

Ɗana, jiya a shago ka tambaye ni ko tsarin ɓoye saƙo da aka gina a kan rukunin lissafi marar iyaka, irin wanda sauya jerin aiki ke sauya sakamako a cikinsa, ya fi RSA, wato sanannen tsarin ɓoye saƙo da aka daɗe ana amfani da shi, tsaro, tunda makullan wancan tsari ba sa ƙirguwa. Amsata ita ce a'a, kuma ina so ka fahimci dalili sosai.

Ka tuna marinar Ƙofar Mata: wanda ya ɗaure yadi kafin ya tsoma shi a baba, da wanda ya tsoma kafin ya ɗaure, ba za su fito da zane iri ɗaya ba. Haka waɗannan rukunoni suke. Wanda ya fi shahara shi ne rukunin tufka da Emil Artin ya bayyana a 1925, inda zare ke hawa kan zare kamar kitso. A kansa Anshel, Anshel da Goldfeld suka gina hanyar musayar makulli a 1999, sai Ko da Lee da abokan aikinsu suka kawo tasu a 2000. An sa rai a kansu domin dabarar masanin lissafi Peter Shor ta 1994, wadda za ta karya RSA a kwamfutar kwantam (sabon nau'in kwamfuta da ake ƙoƙarin ƙerawa), ba ta kama su kai tsaye.

Amma rashin iyaka a takarda yake, domin kwamfuta cikin ƙididdigaggun makullai take zaɓe, kuma matsalar da ke da wuya a mafi munin halinta takan zo da sauƙi a makullin da aka ɗauko haka nan. Mai kutse yakan gwada warware zare ɗaya. Idan tufkar ta gajarta, ya san ya kama bakin zaren, sai ya ci gaba. Abin da ya fi wannan illa shi ne da Bigelow da Krammer suka nuna cewa kowace tufka tana rubutuwa a matsayin jadawalin lambobi, wanda da shi Cheon da Jun suka warware tsarin Ko da Lee a 2003. WalnutDSA ma, tsarin sa hannu na dijital da aka gina a kan tufka, wanda aka miƙa wa NIST, hukumar tsara ma'aunai ta Amurka, a 2017 a gasar zaɓen tsare-tsaren da za su jure wa kwamfutar kwantam, masana sun karya shi, bai kai zagaye na biyu ba.

Ina ƙaunar wannan lissafi, kuma ina so ka karance shi, amma kada ka ɗora amanar mai kawo mana aiki a kansa. Ka yi amfani da ML-KEM, hanyar musayar makulli da aka tsara don jure wa kwamfutar kwantam, wadda NIST ta fitar a Agustan 2024. Gobe bayan La'asar ka zo da kwamfutarka, mu ƙulla tufka mai zare takwas, ka warware ta da hannunka.