Garejin gida zai zama shagon kafinta: a sayi babban inji ko a dakata?

Wani ɗan kasuwa daga unguwar Ali Ɗan Sofo ya aiko da wannan tambaya: "Ina da shagon yadi a babbar kasuwar Maraɗi. Na sayar da motata, garejin gida ya koma wurin zuba tarkace. Ɗan wana ya gama koyon kafinta wurin maigidansa, yana son ya tsaya da ƙafarsa. Na ware sefa miliyan 2. An nuna mini wani babban inji da aka taɓa aiki da shi, mai tsaga katako da gogewa da hudawa duk a jiki ɗaya, ana neman miliyan ɗaya da rabi. In saya in kafa a garejin?"

Alhaji, Allah ya saka da alheri kan wannan zumunci. Amma injin nan ka dakata da shi tukuna.

Ka fara ɗaukar mita ka auna garejin. Na mota ɗaya yawanci bai wuce mita 3 a faɗi da mita 6 a tsawo ba. Fallen filawud da ake sayarwa a kasuwa kuwa mita 1.22 ne da mita 2.44. In za a tsaga shi ta tsawo a kan inji, ana bukatar filin tsawonsa gaban zarto da wani filin bayansa, wato kusan mita 5 babu komai a hanya. Ina za a ajiye teburin aiki? Ina za a haɗa gadon amarya, wanda shi kaɗai yakan ci mita 2? Yaron zai wayi gari yana jan kaya waje duk lokacin da zai kunna injin.

Sai maganar wuta. Irin waɗannan manyan injuna da yawansu da wutar tirifaze suke aiki, mai ƙarfin bolt 380, alhali wutar gidajenmu 220 ce. Ka tambayi mai sayarwa, ka kuma duba farantin da ke manne a jikin injin da idonka. In tirifaze ne, sai ka nemi NIGELEC, kamfanin wutar lantarki, ta canza maka layi da mita, kuma wannan kuɗi ne da ba ya cikin lissafinka. Kada kuma a manta cewa babban kason wutar Maraɗi ta layin Katsina take shigowa. Kowa ya ga yadda aka yi a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wuta bayan takunkumin da CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa wa Nijar, ba ta dawo ba sai cikin Maris na 2024. Mai ƙananan injunan hannu ya ci gaba da aiki da ƙaramin gurup, wato janareta. Babban inji kuwa, a lokacin tashinsa yana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ci yana gudu, don haka gurup ɗin da zai tayar da shi ma wani jari ne na daban.

Abin da ya fi damuna shi ne jika 500 kacal za su rage. Sana'ar kafinta a katako take cin kuɗi, da kuma bashin masu kaya. Kai ɗan kasuwa ne, ka san shagon da ke da kanta mai ƙyalli amma babu yadi a kai. Uwar amarya za ta zo ta ba da kafin alƙalami, ta ce sauran sai an sayar da gyaɗa ko wake. Kafin nan yaron ya sayi katako, filawud, gam, ƙusa, madubi, makullai, fenti da tina (ruwan sirka fenti), duk da kuɗin hannu. Ayyuka uku irin wannan suka haɗu, jarin ya tsaya cak, inji yana zaune yana shan ƙura.

Da ni ne, kamar jika 500 zan kashe a kan kayan aiki: zarton lantarki na hannu, injin huda, injin goge katako da sanfefa, matsai na riƙe katako masu yawa, da teburin aiki mai nauyi wanda shi yaron zai ƙera da kansa. Jika 300 su tafi gyaran wurin. Jika 700 katako da kayan haɗi. Sauran 500 a ajiye su, kada a taɓa sai aiki ya zo wanda ya fi ƙarfin abin da ke hannu. Tsaga manyan katakai da goge su kuwa, a kai wurin masu inji a biya su, a ɗauko a amalanke ko a adaidaita. Kafintoci da yawa a garin nan haka suke yi shekara da shekaru.

Kan katako zan ɗan tsaya, don nan ne sunan sabon kafinta yake gyaruwa ko ya ɓaci. Katakonmu daga kudu yake zuwa, ƙasashen kurmi masu laima, kuma sau da yawa da ɗanyensa yake isowa. In aka ƙera kabad da shi cikin damina, hunturu na shigowa zai tsotse ruwan jikinsa, ƙofa ta karkace, haɗi ya buɗe baki. Mai kaya ba za ta ce laifin iska ba ne. Maganin shi ne a sayi katako da wuri, a jera shi a inuwa, a sa ƙananan sanduna tsakanin falle da falle don iska ta ratsa, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara. Wanda ke da jarin ajiye katako ya bushe ya fi mai babban inji da ke sayen ɗanye ranar da aiki ya zo. A nan kuɗinka za su yi wa yaron amfanin da maigidansa ma wataƙila bai samu ba.

Ka kuma sa ido kan naira. Duk lokacin da ta faɗi a gaban sefa, kamar yadda ta yi daga tsakiyar 2023 zuwa 2024, katakon da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa yakan yi mana sauƙi, amma gadaje da kujerun Kano da aka gama ƙerawa su ma suna yin sauƙi. Yaron ba zai iya gasar araha da su ba. Inda zai ci kasuwa shi ne aikin awo: kabad da ta dace da bangon ɗaki, kantar shago, akwatunan kicin, teburin 'yan makaranta kafin komawa lakwal a Oktoba, da gyaran kayan da suka lalace. Ƙofofin waje kada ya sa rai da su, masu walda sun riga sun karɓe wannan.

Gyaran garejin ba shi da wahala. A toshe ƙofar da ke shiga cikin gida in akwai, saboda ƙurar katako da yara. A fasa taga ta fuskar titi, a kafa rumfar kwano a ƙofa inda za a riƙa fenti, don a zafin Afrilu da Mayu ba mai iya shaƙar tina a rufaffen ɗaki. A ja waya sabuwa mai kauri daga mita, da makashinta daban. Tina da fenti su kwana nesa da garin katako, a share shi kullum kafin a rufe. Ka shiga wurin maƙwabta da kanka ka gaya musu, ku yi alkawarin ba inji lokacin sallah da bayan magariba.

Saura tsakaninka da ɗan wanka. Ku zauna gaban mahaifinsa a rubuta: kayan aikin na wane ne, riba kashi nawa kowa zai ɗauka, wa ke karɓar kuɗi daga masu kaya. Ka sa wa garejin kuɗin haya a littafi ko da ba za ka karɓa ba, haka ma wuta, in ba haka ba za ku riƙa ganin ribar da babu ita. Kuɗin shagon yadi kada ya haɗu da na nan ko da dala ɗaya. Maganar rajista da lampo, ka riga ka san hanyar, ka kai shi ya yi da sunansa.

A littafin nan a buɗe shafi guda na abin da ake biyan masu inji kowane wata. A ce jika 30 ne: sai an yi wata 50 kafin injin miliyan ɗaya da rabi ya mayar da kuɗinsa, ban da wuta da haƙoran zarto da gyara. In shafin ya kai jika 150 a wata, wata 10 ke nan, to lokacin saye ya yi. Ko a lokacin ma, a kama masa shago a bakin titi inda sauran kafintoci za su kawo nasu katakon su biya, garejin ya zauna wurin haɗawa da ajiyar katako.