Takardar labo ta ce mai kashi 99, shin hujja ce man shanuna ba shi da algus?

Tambaya daga wata 'yar'uwa a Tawa: Assalamu alaikum malam. Ina saro man shanu wajen matan Fulani da Buzaye ta ɓangaren Abalak, in soya shi in zuba a kwalabe ina aikawa Yamai. Wani mai kanti ya ce wai man nawa da haɗi, na sa aka kai labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, takarda ta fito an rubuta mai kashi 99 da ɗigo cikin ɗari. Na nuna masa ya ce wannan ba hujja ba ce. Don Allah wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Kar ranki ya ɓaci, mai kantin nan ya fi ki gaskiya a kan takardar, amma hakan bai nuna man naki da haɗi ba. Abin da aka auna miki shi ne yawan mai, ba a duba ko man wane iri ne ba. Da za ki ɗebo man gujiya zalla ko man bido na kanti ki kai musu, shi ma 99 ɗin zai ba da, har ma ya fi. Takardarki ta tabbatar da abu ɗaya mai kyau dai, kin soya shi ya soyu, ruwa ya fita, ba a cika shi da gari ba. Ma'aunin Codex, wato kundin ƙa'idojin abinci na duniya, na soyayyen man shanu kashi 99.6 ne na mai, ɗanye kuwa 80 ne, ruwansa kar ya wuce 16.

Yawan mai ana auna shi ne da na'urar Soxhlet galibi, tsohuwar dabara ce tun 1879, wani masani a Jamus Franz von Soxhlet ya ƙirƙiro ta. Ana auna samfur a sikeli, a sa cikin wani ɗan kurtun takarda, a ƙasa akwai tulun gilashi da ruwan hekzan yana tafasa wajen digiri 69, tururin ya hau ya huce ya ɗiɗɗigo kan samfurin ya narkar da man ya sauko da shi, haka zai yi ta zagayawa awa shida ko takwas, daga ƙarshe a busar da hekzan ɗin a auna abin da ya rage a tulun. To hekzan ba ruwansa da saniya ko gujiya, duk abin da yake mai kwashe shi yake.  

Tambayarki ta gaskiya ita ce wane irin mai ne a kwalbar, kuma nan aikin yake. Kowane mai, na dabba ko na tsiro, an gina shi da wasu sarƙoƙi da ake kira asid ɗin mai, uku uku a maƙale jikin gliserol, wasu gajeru wasu dogaye, kuma kowane mai da irin rabonsa. Man ja kusan kashi 44 nasa palmitik ne. Man gujiya oleyik da linoleyik suka cika shi, sannan yana da wasu dogaye sosai, arashidik da behenik da lignoserik, waɗanda da wuya ki gan su da yawa haka a wani man girki. Shi kuwa man shanu yana da abin da ba mai shi sai nonon dabbobi masu tuƙa, wato butirik, gajeriyar sarƙa mai karbon huɗu kacal, kusan kashi 3 zuwa 4 na man. Shi ne ma wannan warin mai hawa kai da kike ji in man ya kwana biyu ya fara lalacewa. Man gujiya ba shi da shi, man ja ba shi da shi, kitsen jikin shanu ma ba shi da shi. Saboda haka in an zuba rabin man kanti cikin man shanu, butirik ɗin zai faɗi rabi, linoleyik kuma da bai wuce kashi 2 ko 3 ba a man shanu sai ya yi sama.

Na'urar da ke ganin wannan ita ce kromatografi ta gas, a takardun labo za ki ga an rubuta CPG ko GC. James da Martin suka fito da ita a Ingila a 1952, kuma abin da suka fara rabawa da ita asid ɗin mai ne. Man ba ya shiga haka nan don ya yi nauyi ba ya tashi tururi, sai an ɗiga masa metanol da potas a girgiza, sarƙoƙin su ɓalle daga gliserol su koma siffar da ke tashi da zafi. Sai a ja mikrolita ɗaya da wata siririyar allura, ɗigon da ido da kyar yake gani, a tsira a bakin na'urar. Iskar heliyom ko hidrojen ta tura shi cikin wani bututu siriri kamar zare, nannaɗe cikin tanda, tsawonsa mita 30 zuwa 100, zafin tandar na hawa a hankali har ya wuce digiri 200. Kamar garke ne aka kora rijiya, 'yan awaki su riga isa, shanu su biyo, raƙuma can baya. Butirik ne ke fara fitowa, dogayen gujiya sai can ƙarshe. A bakin fita akwai ɗan harshen wuta da ke ƙone duk wanda ya iso, kwamfuta ta zana masa tsauni, lokacin fitowarsa ya faɗi sunansa, girman tsaunin ya faɗi yawansa.

Amma fa Hajiya kar a ruɗe ki cewa na'urar nan ba ta kuskure. Butirik ɗin nan yana gudu da wuri, in mai aikin ya bar kwalbar a buɗe ko ya ɗumama ta da yawa sai ya tsere, man kirki ya fito kamar mai haɗi, don haka ki gaya musu tun farko man nono ne su bi hanyarsa. Na biyu, saniyar Azawak da ke cin ɗanyar ciyawa da damina da wadda ke cin kara da ƙwaryar auduga a watan Afrilu man su ba ɗaya ba ne, rabon yana motsi, alhali alƙaluman da ake gwadawa da su yawanci daga shanun Turai aka samo. Shi ya sa haɗin kashi 30 ko 40 a fili yake, na kashi 5 kuwa ba mai rantse miki a kansa da butirik kaɗai. A nan sai a duba sterol, wani sinadari ne da ke cikin mai ɗan kaɗan, man dabba kolesterol gare shi, man tsiro kuma sitosterol, in aka ga sitosterol da yawa a man shanu to magana ta ƙare. Mai wahalar kamawa shi ne kitse da aka narkar aka zuba, don shi ma kolesterol gare shi, wannan sai gwajin trigliserid, wato man da sarƙoƙinsa uku uku ba a ɓalle su ba, mai lambar ƙa'ida ISO 17678, kuma ba kowane labo ke yinsa ba.

Wani abu da ke tsorata mutane, za ki iya ganin an rubuta trans, wani nau'in asid ɗin mai, kashi 2 zuwa 5 a sakamakon. Wannan na halitta ne, cikin tumbin saniya yake samuwa. Wanda hukumar lafiya ta duniya ke yaƙi da shi, ta ce kar ya wuce giram 2 cikin giram 100 na mai, na masana'anta ne, irin na man da aka daskarar da hidrojen.

In ba a samu CPG ba ko kuɗin ya yi yawa, akwai tsohon gwaji na Reichert-Meissl, giram 5 na mai da kayan gilashi da 'yan sinadarai kawai yake so, yana auna gajerun asid masu tashi da tururi, man shanu na ba da ashirin da wani abu, man gujiya da man ja ko 1 da kyar suke kaiwa. Ni a ganina ga sana'a irin taki wannan ma ya isa ya rufe bakin mai kanti. A gida kuma abin da za ki iya shi ne na gari, ki narkar da cokali ɗaya ki bari ya ɗan huce ki ɗiga iyod na farmasi, in ya koma shuɗi mai duhu to akwai gari ko dankali ciki. Zancen shafawa a tafin hannu ko kallon yadda yake daskarewa kuwa ban ba ki shawarar ki dogara da shi ba, a zafin Tawa komai narkewa yake.

Tunda za ki koma labo, ki haɗa da gwajin asid da na peroksid, su ne ke faɗa ko man ya fara tsufa, kuma mai kanti da zai ajiye kaya wata uku a kanta ya fi buƙatar su. A Yamai ki tuntuɓi LANSPEX, labon ƙasa na lafiyar jama'a, ko labon fasahar abinci na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, ko sashen kimiyya na jami'ar Abdu Mumuni, ki tambaya kafin ki biya ko suna fitar da jerin asid ɗin mai ɗaya bayan ɗaya, in yawan mai za su sake aunawa kuɗinki kawai za ki zubar.

Samfurin kuma kar ki kwalfo daga sama. In man ya daskare yana rabuwa, mai ruwa ruwa a sama mai tsaki tsaki a ƙasa, kuma rabon asid ɗinsu ba ɗaya ba ne. Ki sa tukunyar cikin ruwan ɗumi ya narke gaba ɗaya, ki juya sosai, ki cika kwalbar gilashi mai tsabta busasshiya har wuya, kamar giram 200, ki rufe ki naɗe da takarda kar rana ta taɓa, ki rubuta kwanan wata. Ki cika ta biyu ki ajiye a gida ko da gardama za ta taso. Kuma tunda wajen mata da yawa kike saye, kar ki haɗe nasu wuri ɗaya ki kai, in sakamako ya fito da matsala ba za ki san ta wace ce ba, ki ware na kowacce da alama a jikin kwalba, ki fara da wadda kika fi saye wajenta.