Amsa kan karatun Attaura da kimiyya a wurin Yahudawa

Malam, ka tambaya ko Yahudawa masu riƙo da addini suna haɗa karatun Attaura da kimiyya da falsafa, ko malamansu sun hana. Gaskiya su kansu bakinsu bai zo ɗaya ba, kuma taƙaddamar ta daɗe.

Lokacin da nake karatu a Amurka, ɗakin gwajinmu ɗaya da wani saurayi da ya fito daga Jami'ar Yeshiva ta New York. Ya taɓa kai ni zauren karatunsu. Safiya ta Talmud ce, wato babban littafin fiƙihunsu: ɗalibai bibbiyu, littafi buɗe a tsakaninsu, suna ta musu da ƙarfi kan jimla guda, ka rantse faɗa suke yi. Da rana kuma sai lissafi da ilmin sinadarai. Irin wannan musun yake yi wa sakamakon gwajinmu, ba ya yarda da lamba sai ya juya ta ta kowace fuska. Ranar Juma'a kuwa, kafin rana ta faɗi ya rufe kwamfuta saboda hutun Asabar ɗinsu, ko aiki ya ƙare ko bai ƙare ba.

Babban madogarar masu haɗa karatun biyu Musa bin Maimun ne, haifaffen Kurɗuba, wanda ya yi likitanci a Masar zamanin Salahuddin, ya rasu a 1204. Ya rubuta littafin Dalalatul Ha'irin saboda ɗalibin da ya san addini, ya karanta Aristotil, masanin falsafar Girka, kansa ya ɗaure. Yana matuƙar girmama Farabi, masanin falsafa Musulmi. Amma da aka zo batun wai duniya ba ta da farko, ya ƙi bin Aristotil, ya ce babu hujja yankakkiya a kai. Wannan tsayuwar tasa ce ta fi burge ni, domin ya san falsafar ciki da waje kafin ya ce a'a.

Wasu malaman ba su amince ba. A 1305, Shlomo bin Adret na Basalona ya hana duk wanda bai kai shekara 25 ba karanta falsafar Girkawa, amma ya bar likitanci. Ina fahimtar tsoronsa, yaron da bai kafu ba shubuha ɗaya na iya kayar da shi. Abin da ban goyi baya ba shi ne na wasu makarantun maza na Haredi, wato Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, a Isra'ila yau, inda ko lissafi ba a koyarwa sosai, saurayi ya girma neman aiki ya gagare shi.

Tunda kana jin Larabci, nemi littafin nan na Musa bin Maimun. Da Larabci ya rubuta shi, cikin haruffan Ibrananci, amma an buga shi da haruffan Larabci.