Hukuncin Ɓoye wa Mai Saye Gyaran da Aka Yi wa Dutsen Zobe

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a nan Sakkwato. Ina da rumfa a babbar kasuwa, ina sayar da zobban azurfa na maza da sarƙa da 'yan kunne na mata, galibinsu masu ido. Daga Kano nake sarowa, wani lokaci kuma abokai da suka je Umra su taho mini da aƙiƙ da fairuz. Kwanan baya wanda nake sari a wurinsa ya faɗa mini abin da ya hana ni barci. Wai yawancin duwatsun nan ba a haka aka haƙo su ba: jan aƙiƙ gasa shi ake yi ko a rina shi, fairuz ana shayar da shi danƙo, jan yaƙutun nan mai araha kuma narkakken gilas aka ɗura a tsagoginsa. Da na tayar da maganar a layinmu sai aka ce ai kowa haka yake yi har a Dubai, kuma tunda mai saye bai tambaya ba, ban yi ƙarya ba. Shin sana'ar halal ce? Dole ne sai na faɗa? Yaya zan yi da wanda na riga na sayar?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya yi wa nemanka albarka. Sana'arka halal ce, gyaran dutse ma halal ne. Haramcin yana wurin ɓoyewa.

Wanda ya gasa dutse don launinsa ya fito bai saɓa wa Allah ba, kamar yadda majemi bai yi laifi ba don ya jeme fatar jar akuya ya rina ta. Sai dai duk wanda ya sayi jar fata a wurin baduku ya san rini ne, ba ya zaton da launin aka haifi akuyar. Wanda kuwa ya tsaya a rumfarka ya ɗaga zobe a rana yana cewa tabarakallah, shi a ransa haka Allah ya halicci dutsen a ƙarƙashin ƙasa, kuma a kan wannan zaton yake tayawa. A nan maganar take.

Gyaran ba iri ɗaya ba ne, kuma ba na son a yi musu kuɗin goro. Akwai gashi da wuta. Shuɗin yaƙutu, wanda mahaƙa ke kira safaya, irin wanda ake samu a tsaunin Mambila a jihar Taraba, ana iya gasa shi a zafin da ya kai digiri 1,800 don launinsa ya tsaya, kuma wannan gyara ba ya gushewa. Gasa aƙiƙ don ya yi ja tsohuwar sana'a ce a yankin Gujarat na Indiya. Shuɗin tofaz ɗin da ya cika shaguna kusan dukkansa fari ne a asali, an harba masa haskoki masu ƙarfi a na'ura, aka gasa shi. Akwai kuma rini: baƙin aƙiƙ yawanci jiƙa shi ake yi a ruwan sukari, a bi shi da asid. Sannan akwai cike tsaga, wanda shi ya fi damuna. Zumurrudu ana shayar da shi mai don tsagoginsa su ɓuya, kuma man yana iya bushewa ko ruwan zafi da sabulu su fitar da shi. Jan yaƙutun da aka ɗura wa gilas mai darma, wanda ya bazu a kasuwannin duniya tun wajen 2004, wani har gilas ɗin ne ke riƙe da shi. Wutar maƙeri tana lalata shi, ruwan lemun tsami ma yana cin gilas ɗin. Ka yi tunanin baiwar Allah da aka sa mata shi a lefe, tana wanke-wanke da shi a hannu.

Allah Maɗaukaki ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada mu ci dukiyar juna da ɓarna sai dai ya zama kasuwanci ne bisa yardar juna. Yarda kuwa tana bin sani. Wanda ya yarda ya biya kuɗin abin da yake zato, aka miƙa masa wani abu daban, ba a samu yardarsa a kan abin da aka ba shi ba.

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa, yatsunsa suka taɓo danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai Annabi (SAW) ya ce: "Me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni." Ka lura, mutumin nan bai furta ƙarya ba, babu ma mai sayen da ya tambaye shi. Ba shi ya jiƙa abincin ba. Shiru kawai ya yi ya bar busasshen a sama, kuma Annabi (SAW) ya kira hakan algus. Wannan shi ne amsar 'yan layinku masu cewa ai bai tambaya ba. Mutumin da bai taɓa jin ana ɗura gilas a cikin dutse ba, ta ina tambayar za ta zo masa? A hadisin Hakim bin Hizam kuma, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, abu biyu aka rataya albarkar ciniki a kansu, gaskiya da bayyanawa, abu biyu ke shafe ta, ƙarya da ɓoyewa. Da barin ƙarya kaɗai ya wadatar, da ba a ambaci ɓoyewa daban ba.

Mafi kama da mas'alarka shi ne hanin da aka yi na ƙin tatsar raƙuma ko tunkiya kwanaki don hantsarta ta cika kafin a kai ta kasuwa. Dabbar lafiyarta ƙalau, nonon ma nata ne, amma an yi wani aiki da zai sa mai saye ya zaci wata daraja da babu ita. Shari'a ta ba shi zaɓi bayan ya tatsa: ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i ɗaya na dabino. Malamanmu na Malikiyya suna kiran wannan ruɗi da aiki, kuma Shehu Halil ya ce a Muhtasar hukuncinsa kamar na sharaɗi ne. Wato dutsen da aka cike tsagarsa har ya yi garau, tamkar mai sayarwa ya ce da bakinsa "ba shi da tsaga" ne.

Ma'aunin da nake so ka riƙe yana cikin Risala, littafin da muka karanta a zaure tun muna yara. Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, bayan ya hana algus da yaudara da ɓoye aibi da gauraya mummuna da kyakkyawa, sai ya ƙara cewa ba ya halatta mutum ya ɓoye wani abu game da hajarsa wanda in ya faɗa mai saye zai ƙi ta, ko faɗarsa zai rage mata kuɗi. Da wannan ba mu da buƙatar jayayya a kan ko gashi aibi ne ko ba aibi ba. Ka tambayi kanka: in na faɗa, zai fasa ko zai rage tayi? In amsar e ce, faɗa ya wajaba. Kuma duk ɗan kasuwar duwatsu ya san yaƙutun da bai ga wuta ba ya fi gasasshe tsada, gasasshe kuma ya yi wa mai gilas nisa ƙwarai. Har hukumar kula da kasuwanci ta Amurka a kan haka ta tsaya: a bayyana gyara in ba mai ɗorewa ba ne, ko yana buƙatar kulawa ta musamman, ko yana taɓa farashi sosai. Mu an gaya mana tun fiye da shekara dubu.

Maganar "kowa haka yake yi" tana da ɗan gurbi, ba zan ƙi faɗa ba. Al'ada tana da ƙarfi a ciniki. In dillalai biyu masana suna ciniki a kasuwar da kowa ya san safaya gasasshe ne sai in an ce ba gasasshe ba, shirun ba ruɗi ba ne, don sanin yana wurin su biyun. Amma al'adar da ake hukunci da ita ita ce wadda mai saye da mai sayarwa suka yi tarayya a cikinta. Abin da 'yan sari suka sani a tsakaninsu, amma malamin makaranta daga Wurno ko manomi daga Gwadabawa bai taɓa ji ba, sirrin 'yan kasuwa ne, ba a kafa masa hujja da shi. Kai kanka, da kake cikin sana'ar, sai kwanan nan ka ji. Saboda haka abin da nake gani a kasuwarmu shi ne a faɗi kowane gyara, har gashin da ba ya gushewa. Rini da mai da danƙo da gilas kuwa babu wata tababa a kan wajabcin faɗarsu.

Kuma faɗar ba ta dunƙule ba ce. Halil ya ce wanda ya san aibi ya bayyana cewa yana jikin kayan, ya siffanta shi ko ya nuna shi, kada ya dunƙule. Cewa "kayan zamani ai duk sai a hankali" ba bayani ba ne. Ka ce: "Alhaji, wannan aƙiƙ ne na gaske amma rinanne ne." Ka ce: "Hajiya, wannan yaƙutu an cike shi da gilas, kada ya ga wuta ko tsami, shi ya sa kuɗinsa bai kai na wancan ba." In da hali ka rubuta a rasit. Rubuta "kaya in sun fita ba sa dawowa" kuwa ba ya kuɓutar da wanda ya san aibi ya ɓoye.

Suna ma amana ne. Masu sharhin Muhtasar da dutse suka buga misali: wanda ya ce "na sayar maka da wannan yaƙutu", sai ga shi gilas ne, mai saye yana da ikon mayarwa. Haka farin dutsen da ake rinawa shuɗi a kira shi fairuz, da wanda aka ƙera a masana'anta, da aƙiƙ da ake cewa na Yaman alhali ba a san inda ya fito ba. Sayo shi a Makka ko Madina ba ya mayar da shi na Yaman. Bari in ƙara wani abu da nake ji a bakin masu talla: hadisan falalar sa zoben aƙiƙ, cewa yana kore talauci da makamantansu, malaman hadisi ba su inganta su ba. Abin da ya tabbata shi ne Annabi (SAW) ya sa zoben azurfa. Kada a haɗa ha'inci a ciniki da jingina masa abin da bai faɗa ba.

In ba ka san ko an gyara dutse ba, ka ce ba ka sani ba, kada ka rantse cewa na asali ne. Amma tunda yanzu ka san galibin abin da ke yawo gyararre ne, ya zama dole ka riƙa tambayar wanda kake sari a wurinsa, kuma haƙƙinka ne a kansa ya gaya maka, kamar yadda yake haƙƙin mai saye a kanka.

Abin da ka sayar kafin ka sani babu zunubi a kanka, sai dai haƙƙin mai saye bai faɗi ba: in ya dawo da kayan yadda suke, yana da zaɓi ya riƙe a kan kuɗin da ya biya ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Abin da ka sayar bayan ka sani kuma ka yi shiru, wannan sai tuba, sannan ka nemi waɗanda ka sani ka gaya musu, su zaɓa. In dutsen ya riga ya lalace saboda aibin da ka ɓoye, kamar mai gilas da ya rududduge a hannun maƙeri, a mazhabarmu kuɗinsa gaba ɗaya za ka mayar. Waɗanda ka nema ka rasa, ka kimanta rarar da ke tsakanin abin da suka biya da kuɗin gyararre, ka yi sadaka da ita da niyyar ladan ya je gare su. In wani ya ɓullo daga baya bai yarda da sadakar ba, ka biya shi, ladan ya dawo gare ka. Wanda kuwa ka sayar masa a kan kuɗin gyararre tun farko, ba ka ƙara masa komai ba, babu rarar da za ka fitar, istigfari a kan shirun ya rage maka.

Allah ne mafi sani.