Hukuncin Tara Alamomin da Mutane Ke Liƙawa a Intanet Don Gano Abin da Suke So

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta. An ba ni aikin gina tsarin da zai riƙa bin kalmomin da masu shiga dandalinmu ke liƙa wa littattafai da bidiyo a matsayin alama, ya buɗe wa kowa kundin abin da yake sha'awa, sannan ya riƙa kawo masa irinsu. Wani abokin aikina ya ce wannan leƙen asirin mutane ne. Shin albashina halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka yi nisa.

Asalin wannan aiki halal ne, domin ƙa'idar malamai ita ce mu'amala halal ce har sai dalili ya hana. Mai sayar da littattafai da ya lura kullum na tarihi kake saya, ya ajiye maka sabo idan ya shigo, bai yi laifi ba, kyautatawa ma ya yi. Kuma wanda ya liƙa alama a dandali ya yi ne don a gani, tun zamanin Delicious (dandalin adana adireshin shafukan intanet) a 2003 da Flickr (dandalin hotuna) a 2004. Wannan bai shiga faɗar Allah a Suratul Hujurat aya ta 12 ba, inda Ya hana binciken asirin juna.

Amma maganar abokinka ba a banza take ba. Kowace alama abu uku take bar wa na'ura: wane ne ya liƙa, a kan me, da wace kalma. Guda ɗaya ba ta faɗin komai. Idan aka tara ɗaruruwa, aka ba kalmomin da ba kowa ke amfani da su ba nauyi, aka gwada su da na sauran jama'a, sai abin da mutum bai taɓa furtawa ba ya fito fili. Ɗauki baiwar Allah da ta liƙa "addu'ar samun haihuwa" yau, gobe "ganin likitan mata", jibi "haƙuri da gorin dangi". Ba ta gaya wa kowa damuwarta ba, amma kundinta ya riga ya faɗa. Ranar da tallan maganin haihuwa ya bayyana a wayarta gaban baƙi, an tona mata asiri, ko da babu ɗan Adam ɗin da ya karanta kundin. Wannan shi ne tajassusi, wato binciken asirin mutane, da Annabi (SAW) ya hana a hadisin Bukhari da Muslim, kuma cewa na'ura ce ta yi ba ya wanke wanda ya tsara ta.

Kada kuma a ce ai an goge sunaye. A 2006 kamfanin Netflix ya saki makin da masu kallonsa suka ba finafinai, kusan miliyan 100, babu sunan kowa. Masu bincike biyu a Jami'ar Texas suka gwada shi da abin da mutane suka rubuta a fili a IMDb, shafin bayanan finafinai, suka gano wasu daga cikinsu.

Sai batun izini. Ni ban natsu da akwatin nan da ake dannawa a ƙarƙashin dogon rubutun da ba mai karantawa ba. Yardar da shari'a ta sani ita ce ta wanda ya fahimci abin da ya yarda da shi. A gaya wa mutum a taƙaice, da harshen da yake ji, me za a tara, me za a yi da shi, a kuma ba shi damar gani da gogewa. Wanda ya ba ka alamominsa don ka nemo masa littafi, amana ya ba ka. Sayar da kundinsa ga 'yan talla ko 'yan siyasa ba da saninsa ba ha'inci ne, kuma duniya ta ga irinsa a badaƙalar kamfanin Cambridge Analytica ta 2018, wanda ya yi amfani da bayanan masu shiga Facebook don harkar siyasa ba da saninsu ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne abin da tsarin zai kawo wa mutum bayan ya san shi. Wanda alamominsa suka nuna bashi ya yi masa katutu, a turo masa tallan caca ko rancen ruwa, an yi amfani da rauninsa an cuce shi. Allah Ya hana taimakekeniya a kan zunubi a Suratul Ma'ida aya ta 2, kuma hadisin Muslim ya ce wanda ya yi kira zuwa ga ɓata yana da kwatankwacin zunubin waɗanda suka bi shi. Shawarar manhaja ma kira ce.

Don haka ka ci gaba da aikinka, albashinka halal ne, matuƙar tsarin ya tsaya a kan abin da mutane suka bayyana da saninsu, bai haƙo lafiyarsu ko sirrin gidansu ba, bai tura su ga haram ba. Idan aka umarce ka da gina ɓangaren da ya saɓa wa haka, ka yi nasiha, ka nemi a cire ka daga wannan ɓangaren. In kuwa shi ne ginshiƙin kasuwancin, to ka fara neman wani wurin.

Wallahu a'alam.