Daga ina sunan Patel ya samo asali?

Malam, ka ce kana yawan ganin Indiyawa masu suna Patel a Ingila da Amurka, kana tambaya ko duk dangi ɗaya ne. A'a, ba su haɗa kaka ba. Asalin sunan sarauta ce a ƙauyukan Gujarat da ke yammacin Indiya. Patel shi ne mai gari, mai riƙe da lissafin gonaki da tara haraji, sai jikoki suka gaje shi, kamar yadda ake samun masu amsa Galadima ko Waziri a wajenmu. Yawancinsu 'yan Patidar ne, manoma masu filaye, mabiya addinin Hindu, amma akwai Musulmi da yawa a cikinsu, musamman a yankin Bharuch na Gujarat.

Labarin bazuwarsu ne ya fi taɓa ni. A zamanin Turawan mulkin mallaka suka tsallaka teku zuwa Kenya da Uganda da Tanganyika (yawancin Tanzaniya ta yau), suka kafa kantuna. A 1972 Idi Amin ya ba Indiyawan Uganda kwana 90 su fice. Mutum ya rufe kantin da ya gada, ya fita da 'yar jakarsa kawai. Da yawa suka sauka a Leicester da Landan, suka sake farawa daga tushe.

A Amurka kuwa, bayan sassauta dokar shige da fice a 1965, ƙananan otal-otal na bakin hanya suka kama. Wanda ya tsaya da ƙafarsa sai ya ranta wa ɗan'uwansa jari, shi ma ya sayi nasa.